Ruwan da Bai Ji Magani Ba

Shekara goma sha tara Mai-Tanki yana riƙe da makullin tankin ruwan ƙauyen, har an manta sunansa na yanka. Inji ya jawo ruwa daga rafi, shi kuma ya zuba hodar kashe ƙwayoyin cuta, ya buɗe famfo. Da gwangwani yake antayawa, ba awo. Mata a layi su toshe hanci don warin hodar suna sa masa albarka, wai ruwa ya ji magani.

Wata rana ma'aikaciyar lafiya ta leƙa tankin, ta ga laka da ruɓaɓɓen ganye kwance a ƙasa. Ta zaunar da shi ta ce hodar nan in ta haɗu da wannan dattin, wasu sinadarai take haifarwa masu cin jiki a hankali. Ba daina zubawa zai yi ba. Ta ce dai ya wanke tanki, ya bar ruwan ya kwanta, ya tace, sannan ya auna da cokali.

Hankalinsa ya tashi, don shi ya shayar da garin nan da hannunsa. Ya shiga tanki da tsintsiya da gwiwarsa mai ciwo, kwana uku yana kwasar laka.

Ruwa ya fito garau, ba wari. To, nan fa aka ce ba a san zance ba! Da farko aka ce rowa ce, daga baya aka ce ɓoye hodar yake yi. Ya tsaya bakin famfo yana bayani har maƙogwaronsa ya bushe, ya tsoma takardar gwajin magani a ruwan ta sake launi a gabansu. Yayarsa ta ce ita hancinta ne takardarta. Haba jama'a, mutum ya gyara muku ruwa ku ce ɓarawo ne? Takaici ya hana shi cin abinci.

Dattawa suka karɓi makullin da lallashi, wai ya huta, suka ba surukinsa, mijin 'yarsa, mai sakin hannu.

Bayan sati ya je gaishe da 'yarsa mai tsohon ciki. Ta ɗebo masa ruwa a kofi, warin ya riga ta isowa. Mijin yana zaune yana kallo.

“Baba, don Allah ka sha,” ta ce a hankali. “Kar ka kunyata shi.”

Ya karɓa ya shanye, don kada ya rage mata.