Allin da Aka Miƙa da Hagu

Ranar wata Talata ce a watan Mayu, farkon damina, shekarar da nake aji uku a firamaren unguwarmu ta Makera. Ruwa ake yi tun asuba, kwanon ajin yana yoyo, mun janye bencuna gefe guda mun cunkushe. Malam Haruna ya kama ni ina kwafar aikin allo da hannun hagu, ya ce in ɗora shi a kan tebur. Na ɗora. Ya juya rular katako ta gefenta mai kaifi, ya ɗaga ke nan sai muka ji takun takalmi daga bayan aji. Madam Joyis ce, baƙuwar da aka kawo ta horar da malamanmu. Ta zare rular daga hannunsa a gaban aji guda cur, ta ɗauki alli ta miƙa masa tana murmushi, wai ya ci gaba da darasi. Da hannun hagu ta miƙa masa. Ajin ya yi tsit, har ɗigar ruwa a bokiti muna ji.

Ni bahaguwa ce tun haihuwa. A gida Umma ta sha ɗaure mini hagun da ɗankwali lokacin cin tuwo, har na saba ci da karɓar abu da dama, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Amma shara, da jan guga a rijiya, da tsinkar alayyafo a lambun Baba na bakin kogi, duk hagu ce ke yi. A 'yar carafke kuwa babu yarinyar da ke cin duwatsuna a layinmu. Ba wanda ya damu sai da na faɗa hannun Malam Haruna, mutumin da ke da rula, da dorina, da guntuwar wayar wuta, kowace da irin laifin da ake fito da ita. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Hagu ta banɗaki ce, ba ta karatu ba." Ya rantse sai ya gyara ni kafin in bar ajinsa, ni kuma rubutuna da dama kamar kaza ta yi tono.

Madam Joyis dattijuwa ce, baƙar fata kamarmu, haifaffiyar Ingila. Ta gama aikin koyarwa a can, ta zo aikin sa-kai na shekara guda. Ba mu take koyarwa ba. Talata da Alhamis takan zauna a bayan aji ta yi kallo, in an tashi ta tara malamai tana nuna musu yadda ake lissafi da murafun kwalba da yadda ake riƙe aji ba tare da duka ba. A waɗannan ranakun bulalai kan ɓuya a bayan kabad, mu kuma mu sha iska. Ita ce babbar mace ta farko da na ga tana rubutu a allo da hagu, ba kunya ba ɓoyo, kuma tun ranar na ƙaunace ta. Rannan duhun hadari ne ya sa Malam ya manta tana lungu. Ita a ganinta ta ceci yarinya. Ba ta san cewa ta ƙwace abu a hannun magidanci a gaban yara ba, ta kuma bi shi da hagu. Da farar fata ce da an ce ba ta sani ba. Da yake kamarmu take, Malam ya ɗauka da gangan ta yi.

Washegari, ranar Laraba, Madam tana wata makaranta a unguwar Television. Malam ya shigo ya tura ƙofa, bai ko amsa gaisuwarmu ba. Ya kira sunana, ya sa manyan yara biyu suka danne mini hannun a kan tebur. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, dukan kawai yake yi da gefen rular, a kan gaɓoɓin yatsu, wuri ɗaya. Tun ina ihu ina kiran Umma har muryata ta ɗauke. Na ji wani abu ya ce ƙas, ɗaya daga cikin masu riƙe ni ya saki ya fashe da kuka. Sai da rular ta tsage sannan Malam ya tsaya, ya kalli hannun, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun kwanta gefe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Shekarata tara, kuma ba ni na miƙa masa allin ba.

Umma ta kai ni wurin mai ɗori, aka ja yatsun ina shure-shure, aka jera kara aka naɗe. Yaya Kabiru, wanda ke koyon kanikanci a wani gareji a Kakuri, ya kalli hannun. Da safiyar Alhamis ya ja ni har ƙofar makaranta, abokan aikinsa na biye, wani da sifana, wani da belin fanka. Malam na sauka daga kekensa suka rufe shi. Na ga hularsa a cikin taɓo, na ga farar rigarsa ta rine da jini, yana kare kansa da hannu ana sauke masa bel. 'Yan unguwa suka taru, wasu na rabo, wasu na jifa ba su ma san me aka yi ba. Ana cikin haka Madam Joyis ta kutsa tsakiya ta tsaya a kansa, ta buɗe hannuwa. Dutse ya same ta a goshi, jini ya rufe mata ido ɗaya, amma ba ta matsa ba. Da 'yar Hausarta ta koyo take ta ihu: "Laifi nawa! Laifi nawa!" Yaya ya tsaya yana haki, sannan ya jefar da bel ɗin da ke hannunsa.

Baba ya yanke hukunci a ranar. Ya ce tunda hannun da na iya rubutu da shi ya zama abin zubar da jini, in gwada rubutu da dama zuwa jarrabawar ƙarshen zango, in ban ci ba in zauna in taya Umma suyar waina. Na koma aji da ɗori, ina fama da fensir a hannun da ba ya jin maganata, kullum ana goge allo ban kai rabi ba. Na san makaranta na shirin kuɓuce mini, in na tuna sai in shiga bayan aji in yi kuka.

Madam kuwa hedimasta ya zaunar da ita ya fayyace mata abin da ta yi. Aka ce ta je har gidan Malam da filasta a goshi, ta rusuna ta miƙa masa goro da hannu biyu. Daga nan ba ta ƙara gyara wa malami komai a gaban yara ba. Takan jira a tashi, su zauna a ƙarƙashin mangwaro, ta fi sauraro fiye da magana. Mun sha hango ta da Malam Haruna su biyu, yana ta bayani da hannu, ita tana gyaɗa kai. Me suka faɗa wa juna, ban sani ba.

Ana saura mako guda jarrabawa aka kwance mini ɗori. Malam, da tabon ɗinki a gira, ya rubuta lissafi ya kira ni gaban allo. Na fita. Ya miƙo alli, na kai hannun dama, sai ya janye. Bai kalle ni ba, tagar yake kallo, ya ce: "Karɓa da dama. Ki rubuta da wanda Allah ya hore miki." Na karɓa, na mayar da allin hagu, yatsun na zogi na rubuta amsar. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, bai kuma jefar da dorinarsa ba, amma bai sake dukan kowa a kan hannu ba. Na ci jarrabawar, Baba bai ƙara tayar da zancen waina ba.

Madam ta koma ƙasarsu kafin wata damina, ban iya Turancin da zan gode mata ba, ita ma Hausarta ba ta kai ta faɗa mini abin da ke idonta duk lokacin da ta kalli hannuna ba. Yanzu ɗana na biyu bahago ne, yana aji uku, kuma malamarsa ko lura ba ta yi ba sai da na faɗa mata. Ƙaramin yatsana har yau a karkace yake, in hadari ya haɗu yakan yi mini tsami. Nakan so a ce tsohuwar nan tana raye a wani wuri, ta ga wannan rubutun. Da hagu na yi shi.