Gwangwanin Kuku

Kin san na wane ne gwangwanin nan da kike zuba mini albasa a ciki? Juye ta a kwando, 'yar nan, ki zo ki zauna. Na ƙanena ne, wanda yake bi mini. Ba ki san shi ba. Kuku kowa yake ce masa, har matarsa, Allah ya jiƙanta, har ni da na goya shi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a kicin ɗin wani otal na bakin tasha. Ba wani babban otal ba ne, amma akwai abu ɗaya da ake zuwa dominsa, wani kek da ake gasawa a juye. Sai ya narka bota da sukari a gindin gwangwanin nan, ya yanka fiya, ba mai ƙwallon nan da kuke shafa wa burodi ba, waccan mai kama da tuffa, mai dogon wuya, ya jera ta kamar fure, sannan ya zuba kwaɓin fulawa a kai. In ya gasu sai a ɗora faranti a baki, a kife gaba ɗaya, gindi ya koma sama. Yakan ce kwaɓi kowa ya iya, kifewar ce aikin. Kuma da zafinsa ake yi. Ka yi jinkiri, sukarin ya daskare ya riƙe fiyar.

To sai hannunsa na dama ya fara rawa. Yana ta ɓoye shi a aljihu, har ran da kek ya suɓuce masa a gaban sabon manaja, sa'an ɗansa. Manajan ya ce ranar Litinin zai tsaya a kansa, ya gasa ya kife. In ya yi, ya ci gaba da aiki. In bai yi ba, ya ajiye farar hularsa.

Ran Asabar da hantsi sai ga shi da kaya a leda, don ya san ina da ɗan obin ɗin da uwarki ta saya mini.

"Yaya, ara mini kicin ɗinki."

"Yau manyan otal ne a kicin ɗin talakawa?"

"Gwaji zan yi. Kar ki tsaya mini a ka."

Na tsaya masa a ka mana.

Na farko ya gasu, ƙamshi har titi. Ya sauke, ya ɗora faranti, ya kama da tsumma. Sai ya tsaya. Hannun yake kallo, yana jira ya lafa. Shi da ya koya wa mutane cewa ba a jira.

"Kuku, yana hucewa fa."

"Na sani, Yaya."

Da ya kife, rabin fiyar ta maƙale a gindi. Ya kankare da cokali, ya sake kwaɓi. Na biyu ya yi gaggawa, hannun ya karkace, ruwan sukari ya zubo masa a wuyan hannu. Ko wash bai ce ba. Ya tara hannun a famfo, yana kallon bango.

Na uku da sauran fiyar ya yi, ita ke nan. Ya sauke, ya ɗora faranti, ya sake tsayawa. Ni kuwa tausayi ya kama ni, ga kaya za su lalace. Na fizge tsumman na kife. Ni da ban taɓa fasa ƙwai a fulawa ba. Na ɗaga gwangwani, sai ga shi fes, kowane yanki a wurinsa, yana ƙyalli.

Kin san abin da bakina ya ce? Dariya na yi, na ce, "Ashe ma ba wuya."

Ya kalli kek ɗin, ya kalle ni. Har yau ina ganin idon nan. Na yanka masa, ya ce ya ƙoshi.

Litinin bai shiga kicin ba. Hular ya miƙa wa mai gadi a bakin ƙofa, ya juya. Ɗansa ya zo ya tafi da shi garin da yake aiki, aka ba shi ɗaki a baya. Surukarsa ba ta barinsa ya kunna ko ashana, wai kar ya ƙone. Ba ta yi laifi ba. Ina ta cewa zan je, zan je, ƙafa ba ta bar ni ba. Bai cika shekara a can ba, Allah ya yi masa rasuwa.

Ban taɓa gasa komai a gwangwanin nan ba. Rabona da Kuku tun ran Asabar ɗin nan. Shi ya wanke gwangwanin da kansa, ya goge, ya kife a kan tebur. Na bi shi da shi har ƙofa, na ce ya manta kayansa. Ya tura hannun a aljihu.

"Riƙe, Yaya. Ke kin iya."