Wace Ce Daddawa?

Jama'a, yau na je cin abinci na dawo da kuka!

Kun san kullum in aka tambaye ni inda za a ci abinci a unguwar Balad, shagon Baba Sale nake cewa. Tsohon nan ɗan Katsina mai kabsa. Babu mai shinkafa irin tasa duk Jidda.

Bayan Azahar na shiga. Kujerarsa wayam! Ɗansa Faisal ya zubo min. Loma ɗaya na ji ba ita ba ce.

Na ce, "Ina Baba?"

Ya ce, "Halas, shi ke nan, ya ammi. Ya rasu satin da ya wuce."

Innalillahi! Cokalin ya faɗi daga hannuna.

Faisal haihuwar nan ne, Hausarsa guntu-guntu ce. "Ya ammi" yake ce min, wato baffa. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Ya ammi, kai ka san mutanenmu na Najeriya. Wace ce Daddawa?"

Na ce, "Wa?"

Ya ce da ciwo ya tsananta Larabci ya ɓace wa Baba. Sai ya riƙe masa hannu yana ta cewa daddawa, daddawa. Sun ɗauka 'yar'uwarsa ce. Har Katsina suka buga waya ana nemanta!

Wallahi sai a nan na gane. Na ce, "Faisal, ba mutum ba ce. Kayan miya ne. Ita yake sa wa shinkafar nan a ɓoye, kullum ina jin ɗanɗanonta a ciki."

Ya daɗe yana kallon tukunyar. Sai hawaye.

Ya ce, "Ashe sirrin girkin yake ba ni. Ni kuwa ina ta ce masa tana hanya."