Gunkin da Anti ta wanke

Malamarmu ta zane tana da kabad cike da kwafin kayan tarihi. Duk Juma'a takan ba mutum ɗaya aron abu guda, ya zana shi a gida, ya dawo da shi Litinin yadda ya karɓa. Wanda ya ɓata ba ya sake samu. Ni ban taɓa ɗaga hannu ba, sai dai na daɗe ina kallon wani mutum-mutumin tagulla da bai wuce tafin hannuna ba. Malama ta lura, ta miƙo min shi.

Ta ce salon al'umma biyu ne a jiki ɗaya. Tsayuwarsa da ninkin mayafinsa na Rumawa ne. Kan kuwa na Keltawa ne, mutanen da Rumawa suka ci da yaƙi: ƙato, ya fi ƙarfin wuyan, idanu a waje kamar ya ga sakamakon jarrabawa. Duk jikinsa kore ne. Malama ta ce haka shekaru ke yi wa tagulla, kuma masu kwafin sun sha wahala kafin su fito da launin.

Mama ta tare ni a bakin ƙofa.

"Mene ne wannan?"

"Aikin makaranta ne."

"Gunki ne. Mala'iku ba sa shiga gidan da yake."

Na ce ai ƙarami ne. Ta ce mala'iku ba sa yawo da awo.

Sai na kai shi gidan maƙwabciyarmu a nan ƙasar waje, Anti, 'yar Jos, mai aikin jinya. Ta ɗora shi kan firji, kusa da hoton mawaƙan cocinsu. A can na zana shi ranar Asabar.

Lahadi bayan la'asar na je ɗauka, na tarar da shi yana walƙiya kamar sabuwar tasa. Ɓawon lemun tsami da gishiri da soson ƙarfe suna gefe.

"'Yata, wai malamar taku ba ta da hannu ne?" in ji Anti. "Abu ya yi tsatsa haka, a ba yarinya ta shiga da shi gidan mutane?"

Na ce na gode, Anti.

Litinin na cusa shi cikin safa. Har bas ɗin makaranta ta wuce titin Elm Street hannuna na kansa.

Malama ta daɗe tana juya shi. A wuyansa ga wani murɗaɗɗen abin wuya irin na Keltawa, da can kore ya rufe shi. Babu shi a zanena. Ta tambayi abin da ya faru, na faɗa mata komai, da Mama da mala'iku da lemun tsami. Wata a bayana ta ce ashe ina magana.

Malama ta ce wataƙila haka masu ƙera na asalin suka gan shi. Sannan ta mayar da shi kabad, ta kulle. Ban sake samun aro ba.

Da na gaya wa Anti akwai irinsa cike da kabad, sai ta ce in riƙa kawo su bibbiyu, tana hutu ranar Lahadi.