Ranar da na bi gidaje karɓo kyautata

Bayan rasuwar mai ɗakina, gidanmu ya yi mini faɗi. 'Ya'ya suna birni, sai waya ran Juma'a. Abin da ta bar mini mai rai shi ne wata fulawa mai fure shuɗi da ta raina a gwangwanayen madara. Na kafa mata rumfar raga a bayan ɗaki saboda awaki da zafin rana.

A shekara ta biyu sabbin ganyen suka fito da zane, kore da rawaya kamar atamfa, furen kuma da fararen layuka. Wani maƙwabcina, Alhaji mai lambun tattasai, ya leƙo ya ce, "Malam, wannan ai ta Turai ce!" Kafin mako ya zagayo, mutanen da tun sadakar bakwai ban ƙara ganin takalmansu a ƙofata ba suka fara sallama bayan la'asar. Na dinga yanka reshe ina ba su. Har tabarma na sake.

Ni fa shekara talatin na yi ina koyar da aikin gona, ba wanda zai ruɗe ni da atamfa. Rashin taki ba ya yin dabbare-dabbare haka. Wannan a sabon toho yake, ganyen ya yamutse, tsiron ya tsugune, ga ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwa a bayan ganye. Zuciyata ta ce bairos ce, cutar da ba ta da magani. Na ce mata ta yi mini shiru, ina da baƙi.

Abin da ya hana ni sakat shi ne tattasan Alhaji, domin katanga ce kawai tsakaninmu, kuma ƙwarin nan ba su san katanga ba. Sai na yi gwajin da aka koya mana a kwalejin Bici. Na shuka wake a kasko. Da ya yi ganye biyu, na dandaƙa ganyen fulawar da ɗan ruwa, na barbaɗa wa waken toka mai laushi don ta ɗan kuje ganyen, na shafa ruwan a ganye ɗaya, ɗayan na shafa masa ruwa zalla. Na yi ta addu'ar in ji kunya. Bayan 'yan kwanaki, ganye na farko ya fito da jajayen ɗige-ɗige, na biyu kuwa fes. Zargina ya tabbata.

A garinmu ba a karɓe kyauta, ko yara suna yi wa mai yin haka waƙa. Haka na ɗauki buhu da furfurata na bi gidaje karɓo rassan da na raba. Wani ya miƙo gwangwanin bai kalle ni ba. Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "To Malam, ko gaisuwar ma za a dawo maka da ita?" Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce masa tattasansa nake wa, ba shi ba.

Gida na ƙarshe na wata tsohuwa ce, aminiyar marigayiya. Daga cikin soro ta ce, "Malam, wadda ka ba ni akuya ta cinye. Wannan kuwa ba kyautarka ba ce. Marigayiya ce ta ba ni da hannunta, tun tana da lafiya." Ta turo gwangwanin. Ganyen kore shar, babu zane ko ɗaya. Na bar mata abinta, na ɗauki buhuna.

Na ƙone nawa duka, na wanke wuƙa da sabulu, na bar rumfar wata guda ba kowa a ciki. Sannan tsohuwar ta aiko mini da reshe ɗaya. Shi ma sai da na yi masa gwajin wake, ya fita lafiya.

Yana nan ya yi fure, shuɗi zalla, yadda mai ɗakina ta san shi. Kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarmar a bakin rumfa. Har yau ba wanda ya zo ganinsa.