Sunan Ɗan Fari a Jikin Siminti

Da na san abin da ajin yaƙi da jahilci zai jawo mini ke nan, da ban kai kaina ba. Tun da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta ji na iya boko, ta hana ni sakat. An gaya mata tsofaffin sojoji sun gina wani ginshiƙi na siminti a bakin Sabon Gari, sun rubuta sunayen waɗanda ba su dawo daga yaƙin Bama ba. Ɗanta ma bai dawo ba, kuma ba wanda ya taɓa kawo mata labarin mutuwarsa. Shekara goma tana ajiye masa tabarma.

Na ce mata mu ko kabari ba ma rubuta wa suna, tsingaro ya ishe mu. Ta ce ba wa'azi ta zo nema ba. Haka na rufe keken ɗinkina a Fagge, saura kwana uku Salla, na bi ta.

Sai da muka tsaya gaban ginin na tuna cewa da lakabinsa kawai na san shi, soja kuwa sunan yanka suke rubutawa. Na tambaye ta. Ta kawar da kai.

"Gwaggo, sunan kawai za ki faɗa, in duba, mu tafi."

"Ɗan fari ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya shekara goma babu shi, ga rana tana dukanmu, ga rigunan mutane suna jirana, amma alkunya tana nan daram. Na roƙa, na yi magiya, har na ce ta raɗa mini a kunne. Ko gezau. Ta ce in karanta duka, kunnenta lafiya lau.

Na fara daga sama, ina tuntuɓe, don magini ya karkatar da sunayen yadda bakin Bature ya faɗe su. Masu wucewa suka tsaya kallo, wata mai tallar gari har da gyara mini karatu. Ni kuwa ɗaga murya nake da gayya, don Gwaggo ta san na gaji.

Ina cikin layi na uku ta riƙe mini hannun riga.

"Maimaita wannan."

Na maimaita, a hankali wannan karon. Ta gyara mayafinta, ta ce in je in ƙarasa ɗinkina, ita za ta biya ta wajen liman.