Kalmar da Likita Ya Faɗa wa Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai walda ne. Yana saurayi ya zo Accra daga Nijar, bai taɓa zama a ajin boko ba, amma ban ga mutumin da ke kwaɗayin kalmar Turanci kamarsa ba. Shagonsa kwantena ce ta ƙarfe a bakin babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Maamobi, wadda muke kira gota. Gefensa mahaifiyata, Mma, take da rumfar shinkafa da wake. Ni kuma, tun da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, ni ke zuba wa masu saye a ganye.

Rediyon Kawu ba ta mutuwa. Yana cikin walda, tartsatsi na tashi, sai ya kashe inji, ya ɗage baƙin gilashinsa, ya ƙwala mini kira.

"Malama! Mene ne cantankerous?"

Malama yake kirana don tsokana. In na sani in faɗa masa, in ban sani ba in goge hannu a zane in duba waya.

"Mai rigima ne, Kawu. Wanda ba ya rabo da ƙorafi."

"Allahu Akbar! Ashe mai gidan hayarmu yana da suna a Turanci!"

Ranar nan kowa ya zo ɗaukar ƙofa ko taga sai ya sha kalmar. Haka ya yi da flabbergasted, haka ya yi da hooligan. Yakan juya kalma a bakinsa kamar goro kafin ya yarda ya sake ta.

A wata damina gota ta cika ta yi ambaliya, ruwa ya shiga ɗakunan mutane. Bayan ya janye sai wasu suka zo da jan fenti suka bi shagunan bakin kwatar suna rubuta remove a jikin kowanne. Wannan kam ko Mma ba ta nemi fassara ba. Wadda ta tsaya wa Kawu ita ce wadda ya ji a rediyo, encroachers. Na duba, na ce masa mutanen da suka shiga filin da ba nasu ba ne, suna ci kaɗan-kaɗan. Bai yi dariya ba.

"Mu ke nan?"

"Mu ke nan, Kawu."

Ya dubi bakin shagonsa. Ya ce da ya zo wurin juji ne, da hannunsa ya kwashe sharar, har kumburi yatsunsa suka yi. Daga nan ya sauke gilashinsa ya ci gaba da aiki.

Wata rana da safe masu rusau suka zo, lokacin da masu koko ba su gama sayarwa ba. Manyan motoci biyu, da katafila a baya. Masu kaki suka diro da kulake, wasu da bindigogi, tare da wasu ƙarti marasa kaki, ƙirji kamar ƙofa, waɗanda aka ɗauko don aikin ranar. Wani ya hau bayan mota da lasifika yana ta maimaita kalma ɗaya. Wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta kama hannuna.

"Me shi ke faɗi?"

"Disperse. Ya ce mu watse."

Ban rufe baki ba gwangwanin barkonon tsohuwa ya faɗo tsakanin ƙafafunmu. Idona ya rufe, maƙogwarona ya kama da wuta. Da na iya buɗe ido ɗaya, katafila ta riga ta ɗora haƙoranta a kan shagon tela. Kwanon rufi ya nannaɗe kamar takarda. Telan ya ruga zai ciro kekensa, wani ƙato ya shaƙo wuyan rigarsa ta baya ya buga shi da ƙasa, ya taka masa hannu da takalmi. Na ji ƙarar yatsun duk da rurin injin.

Mma ta rungume tukunyarta tana cewa su bari ta sauke. Ɗaya daga cikin ƙartin ya sa ƙafa ya hamɓare tukunyar miya, tafasasshiyar miya ta kwaranye mata a ƙafa. Ta yi ƙara, ta zage shi da Hausa da yaren Twi, shi kuma ya zabga mata mari da bayan hannu har mayafinta ya faɗi cikin laka. Ganin haka ne ya tayar da samarin unguwa. Duwatsu suka fara zuwa ta saman rufi, da kwalabe, da guntayen bulo. Wani dutse ya sami wani mai kaki a goshi, ya durƙusa, jini na bin fuskarsa yana shiga baki. 'Yan uwansa suka kama saurayin da ya fi kusa da su, wanda ko dutse bai riƙe ba, suka kewaye shi da kulake. Yana ƙasa yana kare kansa da hannu, suna dukan hannun, har ya daina karewa.

Kawu bai jefi kowa ba. Tukwanen gas ɗinsa ya tuna, waɗanda ke cikin kwantena, ga katafila na matsowa, ga murhun Mma a kife da garwashi a warwatse. Ya shiga da gudu ya mirgino guda ɗaya waje, yana ɗaga hannu yana ihu da iya Turancinsa: "Danger! Gas! Danger!" Wani mai kaki ya tare shi da gindin bindiga a baki. Na ga haƙoransa biyu sun faɗo a kan rigar aikinsa. Ya faɗi, ya tofar da jini, ya miƙe, ya sake juyawa zai ɗauko ɗayar tukunyar.

A nan aka yi harbi. Ƙara uku ko huɗu, ban iya ƙirgawa ba. Kawu ya yi kamar ya yi tuntuɓe, ya zauna, ya dubi ƙafarsa ta hagu. Ƙasan gwiwa wandon ya yage, wani farin abu ya leƙo daga cikin naman. Na ruga gare shi, aka sauke mini kulki a gadon baya, na faɗi a kansa. Har yau in hadari ya haɗu ina jin wurin. Muna kwance katafila ta ture kwantenar, wata ƙofar ƙarfe da ya gama wa wani ta zame ta faɗo a kan ƙafar da aka harba. Ihun da ya yi, ban san muryar namiji tana kaiwa can ba.

Mata ne suka ɗage ƙofar, Mma a cikinsu da ƙonanniyar ƙafarta. Muka ɗora shi a baron mai gawayi muka tura zuwa babban titi. Masu taksi na ganin jini suna ƙara wuta. Wani direban trotro, ƙaramar bas ta haya, ne ya tsaya, ya ce wa fasinjojinsa su sauka, wanda ya ƙi ya jawo shi waje da kansa.

Washegari a asibiti wani mai jinya a gadon kusa ya kunna labarai a wayarsa. Aka ce an yi aikin lafiya, sai dai wasu miscreants sun tayar da hankali, kuma stray bullet ya sami mutum ɗaya. Kawu, bakinsa a kumbure, ya yafito ni.

"Miscreants?"

"'Yan iska, masu ɓarna."

"Stray fa?"

Wannan na san ta tun ina firamare. Ita ake faɗa wa akuya ko karen da ya bar gida yana yawo ba mai shi. Na ce masa ana nufin harsashin ya ɓata hanya ne, ba wanda ya aike shi.

Ya ce, "Na ga wanda ya aike shi. Sai da ya rufe ido ɗaya."

Kwanaki suka wuce ƙafar ba ta yi kyau ba. Yatsun suka yi baƙi, wari ya fara tashi, har masu ziyarar gadajen kusa suna toshe hanci da mayafi. Wata safiya likita ya zo, matashi ne, yana jin Turanci da Twi, ba ya jin Hausa. Ya buɗe bandejin, ya danna nan da can, ya mayar. Ya dube ni, don ya san ni ce mai fassara, ya yi magana a hankali. A ciki akwai kalmar amputate.

Kawu ya cafke ta. "Am-pu-tet," in ji shi, har da ɗan murmushi a fasasshen bakinsa. "Malama, wannan sabuwa ce."

Ba ni da buƙatar waya. Mma na tsaye a ƙarshen gado tana kallon bakina. Na durƙusa kusa da kansa.

"Kawu, za su yanke ƙafar. Daga ƙasan gwiwa. Ya ce in aka bari, ruɓar za ta hau ta kashe ka."

Ya ɗauki kofin silba da ke gefensa ya wurga, ya wuce kunnen likitan ya bugi bango. Ya fizge allurar ƙarin ruwa daga hannunsa, jini ya yi tsartuwa a kan zanen gado. Ya yunƙura zai sauka, ya ce shi gida za shi. Ma'aikata biyu suka danne shi, ya gantsara wa ɗaya cizo da sauran haƙoransa, ya naushi ɗayan a ciki. Ni ma da na kama kafaɗarsa ya ture ni na bugu da ƙarfen gado. Sai da Mma ta daka masa tsawa irin ta yaya da ƙane, ta ce ya ji tsoron Allah, ta riga ta binne iyaye a Nijar ba za ta binne shi a nan ba, sannan jikinsa ya saki. Ya kwanta yana haki.

"Kin tabbata?" ya ce mini. "Duba wayar. Wata kalmar tana da ma'ana biyu."

Na duba. Na karanta masa duk abin da aka rubuta, ina fassarawa layi-layi. Ma'ana ɗaya ce. Ya juya fuskarsa bango, ya ce a gaya wa likita ya yi aikinsa.

Bayan an sallame shi muka koma ɗaki ɗaya a Maamobi, ni da shi da Mma. Wani abokinsa a unguwar Kawukudi ya ba shi gefen shago, yana walda a zaune. Amma zuciyarsa ta yi kusa, abu kaɗan ke tunzura shi. Wata rana zan raka shi asibiti a duba dungun, muka tare trotro. Yana fama da sandunansa a bakin ƙofa, kwandastan ya buga jikin motar ya ce wa direba da Turanci su tafi, cripple, wato gurgu, zai ɓata musu lokaci. Kawu ya jingina da motar, ya ɗaga sanda ɗaya ya sauke masa a kai. Kwandastan ya faɗi, Kawu ya ƙara masa a haƙarƙari, ya sake ƙarawa. Da ƙyar maza uku suka ƙwace sandar.

Na ɗauka za a taru a kanmu. Sai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ga ta sauko daga kujerar gaba, ta wanke kwandastan da zagi, ta kama Kawu ta zaunar da shi a wurinta. Direba ya tayar da mota. Kwandastan ya zauna a bakin ƙofa yana danne goshinsa da tsumman goge gilashi. Aka miƙo wa Kawu sandarsa, ya ɗora ta a kan cinyarsa har muka isa.